Sikelin da Ya Ce Shi Firinta Ne

Kafin in cika shekara ashirin da biyu na bar aiki bakwai a Jidda, kuma babu inda aka kore ni ko sau ɗaya. Da zarar na ga fuskar maigida ta fara canzawa sai in riga shi, in ɗauki hulata in ce aikin bai dace da ni ba. Haka na yi wa makaranta tun ina ɗan sha huɗu. Na wanke motoci, na yi dakon jarkokin zamzam, na zauna wata biyar a wani shagon gyaran waya, inda na koyi liƙe waya da dalma da karanta Turancin bayan kwali. Ummata, wadda ta shigo da ni umara ina ɗan shekara tara muka zauna ba mu koma ba, ita ce kullum take sa mayafi ta tafi roƙa mini wani aikin.

Na takwas ɗin a wurin Mu'allim Badaru ta samo. Bahaushen Sudan ne, maƙwabcinmu a Madain Fahd, yana kula da wani babban sito a Khumra, kuma a wani lungu na siton yana da teburin gyaran sikeli. Ran da za ta kai ni ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Rafi'u, gidajen da na sani a garin nan sun ƙare. Idan ka bar wannan, ba ni da fuskar da zan kai wa kowa."

Wata uku ina ɗaukar katon daga mota zuwa sito, daga sito zuwa mota. Idan Mu'allim yana gyara sai in riƙa wucewa ta bayansa ina leƙe, ina ba shi shawarar da bai nema ba.

Wata rana, daf da Hajjin shekarar 2008, Alhaji Na'ibi ya zo. Yana da ofis a Bagdadiyya inda ake auna kayan alhazai a tura musu gida. Ya kawo wata 'yar firinta da ke buga sitikar da ake manna wa jaka, takarda ta maƙale mata a ciki, ya kuma kawo kuka. Akawunsa Muntaka, in ji shi, sai ya duba sikeli ya ga kilo talatin da biyu, kafin ya juya ga kwamfuta ya rubuta ashirin da uku. Kullum rigima da mutane.

"Babu yadda za a yi sikelin ya faɗa wa kwamfutar da kansa?"

Mu'allim ya buɗe baki zai ce babu. Ni da katon a kafaɗa na ce, "Akwai, Alhaji. Ta USB. Abu ne mai sauƙi."

Abin da na sani game da USB a lokacin shi ne in ka soka ta ƙi shiga, ka juya ta.

Bayan Alhaji ya tafi Mu'allim ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya ja wata kujerar roba da ƙafa ya ajiye ta a ƙarshen tebur.

"Tayyib, ya muhandis, babban injiniya. Ga kujera. Alhamis ta farko bayan alhazai sun sauko, za mu kai masa. In ya yi aiki, kujerar taka ce. In bai yi ba, ka san inda katon yake."

Sati shida ke nan. Na sayo wani ɗan cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, mai ƙafa arba'in wanda ya iya maganar USB, na dasa shi a kan ɗan allo kore, na ja waya daga bayan sikeli zuwa gare shi. Dabarar da na samo a shagon intanet ita ce in sa allon ya yi kamar shi kibod ne. Idan aka ɗora jaka nauyi ya tsaya, sai ya buga lambar a kwamfuta kamar yatsun mutum ne suka buga. Saura kawai in rubuta shirin da zai zauna a cikin cif ɗin ya koya masa magana. Na buga littafin ƙa'idojin USB a shagon hoto, shafi ɗari shida da wani abu, duk Turanci. Ni da ban ƙare littafin aji biyar ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na fara ganewa, sai na ga ai na san wannan rayuwar. Da ka soka na'ura, kwamfuta takan tare ta kamar askari a shingen hanya. Wace ce ke? Wa ya ƙera ki? Wane aiki kika zo yi? Wuta nawa za ki sha? Na'ura kuma dole ta miƙa amsa nan take, a jere, gida goma sha takwas, babu daɗi babu ragi. In ta yi inda-inda, kwamfuta ta sake tambaya har sau uku, sannan ta rufe mata ƙofa, ta fito da wani ɗan rubutu a ƙasan allo cewa ba ta gane wannan na'ura ba.

Sati uku ina ganin rubutun nan. Har ma'aikatan sito suka haddace shi. In na wuce sai su ce, "Ya Rafi'u, an gane ka yau?" Ashe a gida na takwas na rubuta sittin da huɗu inda ya kamata in rubuta takwas. Ran da na gyara, na soka, kwamfutar tebur ta yi ɗan ƙaran nan nata na maraba, na miƙe tsaye na yi kabbara da ƙarfi har wani direban babbar mota ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Na ɗora katon, lamba ta fito a allo da kanta. Na hau da kaina, ta rubuta hamsin da takwas. Mu'allim ya hau, ta rubuta abin da ya sa ya ce sikelin na buƙatar gyara.

Da na tsaya a nan, da lafiya lau. Amma akwai abin da ya dame ni. A cikin gidajen nan goma sha takwas akwai lambobi biyu, ɗaya ta kamfanin da ya ƙera na'ura, ɗaya ta ita na'urar. Su ne iƙamarta, wato katin izinin zamanta a ƙasa. Sayen lambar ake yi, kuma sai kamfani mai rajista da adireshi. Shirin misali da na koya da shi ya zo da wata lamba ta masu ƙera cif ɗin, an rubuta a gefenta cewa ta gwaji ce kawai. Na dube ta na ji raini. Lambar gwaji ai bizar umara ce. Ni da na yi shekara goma sha uku ina sauya hanya in na hango motar jawazat masu kama marasa takarda, ba zan tura aikin hannuna duniya da bizar umara ba.

Duk wanda ya taso inda na taso ya san cewa mai babban kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ba a daɗewa ana juya katinsa. Sai na waiwaya, na ga firintar Alhaji Na'ibi a kan tebur, an gyara ta tana jiran a mayar. Ta wani babban kamfani ce, sunansa da haruffan azurfa a gabanta. Na soka ta a kwamfutarmu, wadda ba ta taɓa ganinta ba, na duba lambobinta biyu, na kwafa a bayan hannuna, na zuba su a cikin shirina. Na soka sikeli. Kwamfuta ta yi maraba, lamba ta fito. Har na ga kamar ta fi saurin buɗe masa ƙofa. Ban gaya wa kowa ba, don ina so in ajiye wannan wayon sai ranar da za a yabe ni.

Washegari aka mayar wa Alhaji firintarsa.

Ranar Alhamis na sa sabuwar jallabiya fara. Akwai wata 'yar na'ura da nake zuba shiri a cif da ita, na ɗauka, na juya ta a hannu, na mayar cikin aljihun tebur. Wanda ya gama aikinsa me zai yi da ita? Muka ɗora sikeli a bayan motar Mu'allim muka nufi Bagdadiyya da hantsi.

Ofishin cike yake. Jakunkuna har rufi, barguna, tukwanen lantarki, katon-katon na dabino. A gaban layi wata dattijuwa ce mai suna Hajiya A'i, zaune a kan ɗaya daga cikin jakunkunanta tara, tana fifita da fasfo ɗin wata. Ba alhajiyar bana ba ce, 'yar gari ce da ke tura wa 'yan kasuwar Kano kaya.

Alhaji Na'ibi ya ɗaga murya. "Jama'a, a yi haƙuri minti biyar. Yau za mu huta da idon Muntaka."

Muntaka ya tashi daga kujera ya ba ni wuri, fuska ba walwala. Na tsuguna, na tattare jallabiya, na yi bisimilla yadda kowa zai ji, na soka.

Kwamfuta ta yi ƙaran maraba. Na juyo na dubi Mu'allim. Sai wani rubutu ya fito a ƙasan allo. Muntaka ya sunkuyo ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma, kamar mai karanta wasiƙar gado.

"Ta ce an sami sabuwar firinta."

"Haka take faɗa da farko," na ce. Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba.

Aka ɗora jakar Hajiya. Sikeli ya nuna arba'in da ɗaya a fuskarsa. Allon kwamfuta shiru. Na sauke jaka, na sake ɗorawa. Na cire waya, na hura bakinta, na mayar. Kwamfuta ta sake yin maraba, ta sake cewa firinta. Na hau sikelin da kaina, wai ko ya saba da ni.

"Yaro, kai za a tura Kano?" in ji Hajiya. "In kai ne, sauka, ban biya naka ba."

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ce Muntaka ya rubuta da hannu kamar kullum a sallami Hajiya, a bar yaro ya ci gaba da bincikensa. Muntaka ya rubuta, ya danna a buga sitika. Firinta ba ta motsa ba. Ya sake dannawa. Ya danna sau biyar. A kusurwar allo sitika biyar suka yi layi suna jiran sikeli ya buga su.

"La haula," in ji Alhaji. "Na kawo ku ku ƙara mini abu ɗaya, kun kashe mini wanda nake da shi?"

Na cire sikelin gaba ɗaya, firinta dai ba ta dawo ba, domin kwamfutar ta riga ta mayar da duk aikin ga baƙon, tana jiran ya dawo. Mu'allim ya matso ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ya walad, kai yaro. A sito keyboard ne, a nan firinta. Me ka yi masa a hanya?"

Bai ce kibod yadda muke faɗa ba, ya ja kalmar kamar yana tauna ta, alamar ransa ya fara ɓaci. A nan abin ya faɗo mini. Kwamfutarmu ba ta san mai lambar ba, shi ya sa ta duba aikin da sikeli ya ce ya zo yi, ta bar shi ya wuce. Wannan kuwa shekara biyu tana zaune da firintar. Tana da direbanta, wato ɗan shirin da ke yi musu tafinta, ajiye da lambar a jikinsa. Tana ganin lamba ba ta ƙara sauraron komai ba.

Na faɗa masa a hankali. Na ce lambar gwaji ce na cire, na ari ta wani.

"Ta wa?"

Na nuna da haɓa.

"Wannan? Wannan da ke kan tebur?"

Na zaci a hankali muke magana. Hajiya A'i ta daina fifita.

"Tsaya, ɗan nan. Katin wani ka ara wa sikelin?"

"Kusan haka ne, Hajiya."

"Na wa?"

Muntaka ne ya amsa mata, ya dafa firintar kamar mai gabatar da ango.

Hajiya ta tafa hannu. "Innalillahi. Shekarata goma sha tara a garin nan. Ko yarinyar da ta sauka jiya ta san in ka ari katin mutum ba ka bi ta unguwarsu da shi. Kai ka ara, ka yi wanka, ka sa farar riga, ka kawo shi har ɗakin mai shi, yana zaune yana kallonka! Ɗan wane gida ne kai?"

"Ɗan Tani ne, ta Madain Fahd," in ji wata murya daga bayan layi. Har yau ban san ko wace ce ba, amma na san labarin ya riga ni isa gida.

Gyaran lamba huɗu ne kacal, don kowace cikin lambobin nan biyu gida biyu take ci, aikin minti biyu, da na'urar da ke kwance a aljihun tebur a Khumra. Abin da na iya yi a wurin shi ne in goge firintar ƙarya daga kwamfuta in mayar wa ta gaske matsayinta. Ta farka ta tofo sitika biyar iri ɗaya, duk da sunan Hajiya. Ta karɓe su duka ta ce za ta ajiye na tarihi. Muntaka ya koma kujerarsa, ya gyara zama, ya dubi sikelinsu na da, ya karanta nauyi da murya mai daɗi. Ni da Mu'allim muka ɗauki namu muka ratsa layi, mutane suna matsa mana hanya kamar mun ɗauko mara lafiya.

Muka shiga mota, Mu'allim yana tuƙi, har muka wuce tashar jiragen ruwa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya cire tabarau, ya yi dariya har da hawaye. Na fara murmushi, na ɗauka an yafe.

Ya share ido ya ce, "Wallahi ka ba ni dariya. Amma magana magana ce. Na ce Alhamis, yau Alhamis, bai yi ba. Asabar, katon."

"Mu'allim, lamba huɗu ce fa."

"Na ji. Kai ka sa su."

Da na isa gida Umma ta riga ta ji. Ta ajiye mini shinkafa ta koma ɗaki, wanda ya fi zagi ciwo. Ranar Juma'a bayan masallaci na shirya jawabina tsaf. Zan ce masa aikin sikeli bai dace da ni ba, dama ni hankalina ya fi karkata ga firiji. Na san wani mai gyaran firiji a unguwar Kilo Bakwai. Na maimaita jawabin har ya yi santsi.

Matsalar ita ce lambobin nan huɗu. Ina cin abinci ina ganinsu. Duk ayyukan da na bari, babu wanda na bari saura minti biyu ya yi. Na ce to, zan je Asabar, in gyara don kaina, in ga ya yi, sannan in yi jawabin in tafi da mutuncina.

Na isa da safe na tarar an ɗauke kujerar roba, wani mai gadi yana zaune a kanta a bakin ƙofa. Wata babbar mota cike da katon ɗin man girki tana jira. Mu'allim ko ɗago kai bai yi ba, ya nuna ta da sukudireba. Na buɗe baki zan fara jawabi, sai na tuna ba a bar ni na taɓa tebur ba tukuna. Na ɗauki katon.

Har azahar ina ɗauka. Ma'aikata sun sami sabon suna, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu, firinta." Da aka tafi cin abinci na lallaɓa teburin a tsaye, na ciro na'urar daga aljihu, na mayar da lambar gwajin da na raina. Amma yanzu na san yin aiki a kwamfutarmu ba shaida ba ce. Na nemo faifan direban irin firintar Alhaji a cikin tarkacen tebur, na zuba wa kwamfutarmu shi don ta san mai lambar kamar yadda ta Bagdadiyya ta san shi. Sannan na soka sikeli. Ta yi maraba, ba ta ce firinta ba. Na ɗora katon ɗin mai, ta rubuta sha shida da ɗigo huɗu.

"Sake."

Mu'allim ne a bayana, da kofin shayi. Na sake. Ya sa na cire na mayar sau goma, ya sa na kashe kwamfuta na kunna, ya sa na gwada kowace kafa ta USB da ke jikinta. Duk ya yi.

"Wannan lambar ta wa ce?"

"Ta masu cif ɗin. Ta gwaji ce. Amma na karanta cewa in ka rubuta musu da sunan shago da adireshi, suna iya yanka maka taka daga cikin tasu."

"Ka san da haka tun farko?"

Na ce na gani, amma wasiƙar Turanci ce, kuma an ce amsa takan yi sati shida.

Ya kurɓi shayi. Ya jawo aljihun tebur ya ciro takarda mai ɗauke da sunan siton da hatimin kafilinsa, ya ajiye a gabana, ya ɗora biro a kai.

"Rubuta. Da safe katon, bayan azahar tebur, har amsa ta zo. In ta zo mu koma wurin Na'ibi, kai za ka shiga gaba, kai za ka yi sallama. In Hajiyar nan tana nan, kai za ka gaishe ta."

Jawabina yana nan a bakina, da firiji da komai. Na dubi takardar. Sati shida, ga kuma Hajiya A'i a ƙarshensu.

"Mu'allim, a tsaye zan rubuta?"

Ya leƙa bakin ƙofa, inda mai gadi ya miƙe ƙafa a kan kujerar yana gyangyaɗi.

"Je ka roƙe shi. In ya ba ka, halas."

Mai gadin ya ce sai ya gama hutawa. Na kifa wani katon ɗin mai a gaban tebur na zauna a kai, na cire murfin biro, na tambayi Mu'allim yadda ake rubuta Khumra da Turanci.